Mas'alar Biyar ɗin Farko da Buƙatar Gwanayen Jifa a Ƙungiyar Ƙwallon Kwando ta Matasa: Nazari daga Kudancin Katsina

 

Muƙaddima

Mas'alar da na zo da ita gaban wannan majalisi, ko da yake wanda bai saba da filin ƙwallon kwando ba zai iya ɗaukarta hirar yara, mas'ala ce wadda duk wanda ya taɓa zama a zauren wasanni na filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, ko ya tsaya bakin filin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da la'asar sakaliya, ya san ba a watsewa sai an yi ta ja-in-ja a kanta: su wane ne biyar ɗin da ya kamata koci ya fara wasa da su idan ƙungiyarsa ta matasa ce waɗanda ba su daɗe da shiga wasan neman abinci ba, kuma mutum nawa daga cikinsu ya wajaba su kasance gwanayen jifa daga nesa? Na zaɓi in dubi mas'alar ta fuskar ƙananan hukumomi uku na kudancin Jihar Katsina, wato Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin duk ƙungiyar da za ta tsaya da ƙafafunta a birnin Katsina ko a Funtuwa daga irin waɗannan garuruwa za ta ɗebo 'ya'yanta, kuma domin abin da koci ke nema ya rasa ranar gasa, galibi tun shekaru biyar ko shida baya aka yi asararsa a filin wata makaranta.

Da'awata a taƙaice ita ce, ƙungiyar matasa ba ta da ikon fara wasa da ƙasa da gwanayen jifa biyu, uku kuwa ya fi, ko da hakan zai jawo a zaunar da wanda ya fi kowa tsawo bayan ɗan tsakiya, ko wanda ya fi kowa daɗewa a ƙungiya. Sa'an nan shi gwanin jifa renonsa ake yi, ba tsintarsa ake yi ba.

Ƙa'idojin da hukuncin ya rataya a kansu

Kafin a shiga mujadala, wajibi ne a shimfiɗa ƙa'idoji kaɗan, tun da hukunci ba ya inganta sai an san abin da ake hukunci a kansa. A dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, wadda ita ce ake bi a gasar Nijeriya, fili yana da tsawon mita 28 da faɗin mita 15, kwando yana rataye a tsayin mita 3.05, kowace ƙungiya tana zuwa da 'yan wasa 12 ana shigar da biyar, ana yin zango huɗu na minti 10 kowanne, wanda ya yi laifi biyar ya fita ke nan, kuma ƙungiyar da ƙwallo ke hannunta tana da daƙiƙa 24 kacal ta yi jifa ko ta rasa ta. Layin maki uku kuwa, wanda shi ne tushen bahasinmu, bai tsufa kamar wasan ba: James Naismith ya ƙago wasan a 1891, amma gasar NBA ta Amurka ba ta karɓi layin ba sai a 1979, FIBA ta biyo baya a 1984 da nisan mita 6.25, sa'an nan a 2010 ta ja shi baya zuwa mita 6.75.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan layi ɗan aji huɗu na firamare ma zai iya yinsa. Ƙungiyar da ta yi jifa 100 daga cikin layi, rabi suka shiga, ta sami maki 100; wadda ta yi jifa 100 daga bayan layi, 34 kaɗai suka shiga, ta sami 102. Ashe ke nan yaron da ke jefa uku ɗaya ya shiga daga nesa daidai yake da wanda ke jefa biyu ɗaya ya shiga daga kusa, alhali 'yan kallo suna yi wa na farko ihun ɓarna, suna yi wa na biyu tafi.

Amma fa'idar gwanin jifa ba ta tsaya ga makin da ya ci da hannunsa ba, kuma a nan ne nake roƙon mahalarta su ba ni hankalinsu. A ƙaddara ƙungiya ta shigo da 'yan wasa biyar waɗanda babu mai iya jifan nesa a cikinsu. Abin da abokan hamayya za su yi sananne ne: za su bar tsaron mutum-da-mutum su koma tsaron yanki, biyu a gaba uku a baya, su ja jiki su cunkushe ƙarƙashin kwando, su bar wa mai ƙwallo fili fetal a waje, har ma a ji wani daga cikinsu yana ce masa, "Jefa mana!" Mai rabon ƙwallo ya ɗaga kai ya nemi dogonsa, ya iske mutum ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa, na uku kuma ya miƙo hannu daga gefe, ya juya ga ɗan gefe mai gudu, shi ma ya kutsa taki biyu ya ci karo da ƙirji, agogo yana ci, daƙiƙa ta rage huɗu, sai a yi jifan dole wanda ko bakin kwando bai taɓa ba. To, a cire mutum ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, a sa yaron da aka san hannunsa, a tsayar da shi a kusurwar fili, ko da ƙwallo ba ta zo hannunsa ba: tilas mai tsaro ɗaya ya fita ya tsaya kusa da shi, kuma fitar nan tasa ita ce ƙofar da dogon yake jira. Manoman Faskari da Sabuwa, waɗanda masara ce abin alfaharinsu, sun san cewa idan aka cunkushe shuka rami kusa da rami, komai kyawun iri da yawan taki, kara zai yi tsawo amma goyo ba zai cika ba. Tazara ita ce ke ba kowane tushe haƙƙinsa, kuma a filin kwando gwanin jifa shi ne mai samar da tazara.

Ra'ayoyin da ake saɓani a kansu

Na iske masu magana a kan wannan mas'ala sun kasu gida uku, ko da yake na ukun ba kasafai yake bayyana sunansa a fili ba.

Na farko su ne masu gabatar da tsawo da ƙarfin jiki. Hujjarsu ita ce jifa yana zuwa yana tafiya, yau hannu ya yi zafi gobe ya yi sanyi, amma tsawo ba ya raguwa da dare ɗaya. Wanda ya mallaki ƙarƙashin kwando shi ke cafe ƙwallon da ta ɓaro, shi ke samun jifa na biyu da na uku, shi ke tara wa abokin hamayya laifuffuka. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba na cikin masu raina ta, musamman a gasarmu ta gida inda ake wasa da ƙarfi, alƙalai kuma sukan bar jiki ya haɗu da jiki. Ƙungiyar Kano Pillars, wadda koci Sani Ahmed ya daɗe yana jan ragamarta, ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, ciki har da na 2013 da 2014 da 2016, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun kulob na Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. Babu mai hankalin da zai ce an kai wannan matsayi ba tare da tsaro mai tsanani da mallakar ƙarƙashin kwando ba.

Na biyu su ne 'yan zamani, matasan da suka tashi suna kallon gwanin jifan nesa Stephen Curry a wayoyinsu, waɗanda a wurinsu duk jifan da ba na maki uku ba ɓata lokaci ne. Su ma suna da hujja, amma sun zarce haddi, za mu kuwa ga inda ƙafarsu ta zame.

Na uku su ne masu gabatar da girma. Ba za su taɓa cewa wane ya fi wane iya wasa ba, abin da za su ce shi ne, "Ai wane ya daɗe yana wahala da ƙungiyar nan, bai kamata yaron jiya ya zaunar da shi ba." Wannan ra'ayi daga tarbiyyarmu ya fito, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na son a fahimce ni da cewa ina kiran a wulaƙanta na gaba. Sai dai malamanmu na fiƙihu, da suka zo babin wanda ya fi cancanta da limanci, ilimi suka gabatar, ba su waiwayi shekaru ba sai bayan an yi kunnen doki a abin da ya fi su muhimmanci; kuma ba a taɓa jin wannan ya rage wa dattijon da ke sahun farko mutuncinsa ba. Idan an yarda da wannan tsari a al'amari mai girma irin wancan, to yarda da shi a filin wasa ya fi sauƙi. Ga misali daga wasan kansa: Manu Ginobili, ɗan Ajantina, ya shafe mafi yawan shekarunsa a San Antonio Spurs yana shigowa daga benci, ya ɗauki kofin NBA sau huɗu, kuma babu wanda ya ce darajarsa ta ragu. Aikin koci ne ya zaunar da babban ɗan wasansa su biyu, tun kafin ranar wasa, ya fahimtar da shi cewa wanda aka rufe wasa da shi ya fi wanda aka buɗe da shi nauyin amana.

Abin da tarihi ya shaida

Ba sai mun je nesa neman dalili ba, domin ƙungiyar ƙasarmu, D'Tigers, ta ɗanɗani wannan mas'ala ta fuskokinta biyu. A ranar 2 ga Agusta 2012, a gasar Olamfik ta Landan, Amurka ta doke Nijeriya da maki 156 da 73. Wanda ya ji wannan sakamako zai zaci an fi mu tsawo ne ko ƙarfi, alhali abin da ya faru shi ne Amurkawa sun jefa na maki uku har 29 suka shiga, wato maki 87 ke nan daga bayan layi kaɗai, fiye da duk abin da Nijeriya ta tara a wasan. Carmelo Anthony shi kaɗai ya zuba goma, ya tashi da maki 37. Bayan shekara tara, a ranar 10 ga Yuli 2021 a Las Vegas, a wasan share fage, Nijeriya a ƙarƙashin koci Mike Brown ta doke Amurka da 90 da 87, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka; kuma da aka duba takardar wasa sai aka ga jifa 20 na maki uku ne suka shiga, maki 60 daga cikin 90, Gabe Vincent yana kan gaba da maki 21. Makamin da aka kashe mu da shi a Landan, shi muka ɗauka muka rama. Tsakanin waɗannan biyu kuma, a 2015 a Tunisiya, lokacin da Nijeriya ta ɗauki kofin Afirka na maza karo na farko bayan ta doke Angola da 74 da 65, wanda aka zaɓa gwarzon gasar shi ne Chamberlain Oguchi, mutumin da da jifan nesa aka san shi.

Da a nan tarihi ya tsaya, da 'yan zamani sun yi rinjaye kai tsaye. Amma ƙungiyar nan da ta kunyata Amurka, da ta isa gasar Olamfik ta Tokyo bayan makonni kaɗan, wasanninta uku duka ta rasa, a hannun Ostireliya da Jamus da Italiya. Haka kuma a gasar NBA ta 2018 ƙungiyar Houston Rockets, wadda ta gina gidanta kacokan a kan jifan nesa, ta jefa 27 a jere babu wanda ya shiga a wasa na bakwai da Golden State Warriors, aka fitar da ita a gidanta. Wannan ita ce amsar masu cewa a bar komai a koma bayan layi.

Misalin da na fi so mahalarta su riƙe, domin shi ne ya haɗa hujjojin ɓangarorin biyu wuri ɗaya, na ɗan ƙasarmu ne, Hakeem Olajuwon na Houston Rockets. Shekaru da dama yana cikin mafiya gwaninta a ƙarƙashin kwando, amma kofi bai zo ba sai da kocinsa Rudy Tomjanovich ya kewaye shi da masu jifa, irin su Kenny Smith da Robert Horry da Mario Elie da Sam Cassell, ta yadda duk wanda ya taru masa mutum biyu, zai miƙa ƙwallo waje a hukunta shi da maki uku, wanda kuma ya bar shi da mutum ɗaya ya sha wuya. Da haka Houston ta ɗauki kofi a 1994 da 1995. A wasan ƙarshe na 1995 kuwa da ƙungiyar matasa suka haɗu, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal, kuma abin da ya auku a karon farko darasi ne ga duk mai renon yara: Orlando tana gaba da maki uku, saura daƙiƙoƙi, ɗan wasanta Nick Anderson ya sami jifan kyauta huɗu a jere ya zubar da su duka, Kenny Smith ya jefa na maki uku, na bakwai ke nan a daren, aka yi kunnen doki, aka ƙara lokaci, Hakeem ya tura ta ƙarshe cikin kwando. Orlando ba ta ci ko wasa ɗaya ba a huɗun da aka yi. Jifan kyauta, wanda babu mai tsaron mutum a cikinsa, yana cikin abin da nake nufi duk inda na ambaci gwanin jifa a wannan takarda.

Tarjihi

Abin da ya rinjaya a wurina, bayan auna waɗannan hujjoji, shi ne a fara da dogo ɗaya, ba biyu ba. A ƙaddara koci yana da dogaye biyu, dukansu babu mai jifa daga nesa. Zuciya za ta raya masa ya shigar da su tare domin ya tsorata abokin hamayya, amma haƙiƙa wurin tsayuwarsu ɗaya ne, kowanne yana jawo mai tsaronsa zuwa inda ɗan'uwansa ke son yin aiki. Maslaha ita ce a raba musu minti 40 ɗin nan, ɗaya ya fita ɗaya ya shigo, sai ƙungiya ta kasance kullum tana da dogo mai sabon ƙarfi, kuma laifi biyar ba zai bar ta tsirara ba, abin da ke yawan samun matasa saboda gaggawar tsalle. Ga misali, a wasan ƙarshe na NBA na 2015, Golden State tana baya da biyu da ɗaya, koci Steve Kerr ya zaunar da dogonsa Andrew Bogut ya fara da Andre Iguodala, suka ci uku a jere, Iguodala ɗin kuma aka ba kyautar gwarzo.

Mai rabon ƙwallo shi ne na biyu, kuma sharaɗinsa na farko natsuwa ce, ba gudu ba, domin babbar cutar ƙungiyar matasa ita ce zubar da ƙwallo. Idan ya haɗa da jifa, to alheri ya ninku, don mai tsaronsa ba zai iya ja da baya ya jira shi ba. Na uku mai tsaro ne wanda za a ɗora wa gwanin abokan hamayya, ko da bai ci maki ba. Guraben biyu da suka rage na masu jifa ne, ba tare da ciniki ba. Idan aka yi sa'a mai rabo ko mai tsaro ya iya jifa, an sami uku. Idan ba a yi ba, an sami biyu, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da wasa ke inganta da shi, tun da mutum ɗaya tilo ana iya manna masa mai tsaro a shafe shi daga wasa.

Za a ce mini, to idan mai jifan nan siriri ne, ba ya iya tare kowa fa? Tambaya ce ta gaskiya. Amsata ita ce rauni ɗaya a tsaro ana iya ɓoye shi, a ɗora yaron a kan wanda ya fi rauni cikin abokan hamayya, sauran huɗu su taimaka masa. Amma rauni biyu ba ya ɓoyuwa. Saboda haka daga cikin masu jifan nan biyu lalle ɗaya ya kasance mai iya tsayawa gaban mutum. Akwai kuma wani abu da nake ganin masu horarwa suna zaluntar yara a kansa ba da nufi ba: a sa yaro ya fara wasa, ya jefa biyu ba su shiga ba, a waiwaya benci a kira wani. Wanda ake sa ran uku ɗaya zai shiga daga hannunsa, kuskure biyu a jere ba aibi ba ne, ɗabi'ar lissafin ke nan. Amma yaron da ya san ana cire shi da kuskure biyu zai daina jifa, ranar da ya daina kuwa mai tsaronsa zai koma ƙarƙashin kwando, fa'idar duka ta tafi. Hukunci a kan mai jifa sai bayan wasanni da yawa, kuma da takarda, ba da abin da ido ya tuna ba.

Inda ake renon gwanin jifa

Yanzu sai mu koma gida. Ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan mun yarda ƙungiya ba ta cika sai da masu jifa, to renonsu ya hau kanmu.

Tsawo kyauta ce daga Allah, mai neman 'yan wasa yana iya hango shi a kasuwar Sheme ko a tashar motar Ƙanƙara ba tare da ya tambayi kowa ba. Jifa kuwa sana'ar hannu ce, ba ta samuwa sai da maimaici na shekaru a kwando mai daidaitaccen tsayi, kuma a nan ne yaron karkara yake da uzuri babba. A dubi irin filin da yake koyo, inda aka yi sa'a akwai shi: siminti ne a sarari wanda ya tsattsage, ƙarfen kwando ya sunkuya saboda masu lilo a jikinsa, babu raga, ƙwallo guda ɗaya ce ta sha ƙasa har ta yi sulɓi, yara ashirin suna jiranta. Idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana kaɗa ƙwallo a sama, yaro ya saita daidai ta kauce, hannu ya bushe ya faffashe. Idan damina ta sauka kuma gona ta kira kowa. Yaro mai wayo a irin wannan fili zai gane da wuri cewa jifan nesa asara ne, ya koyi kutsawa da ƙarfi, ya girma a haka. Wanda ya nace kuwa, da yake ɗan shekara goma sha ɗaya ne yana fama da ƙwallon manya da kwandon manya, zai riƙa ɗauko ta daga ƙugu da hannu biyu yana wurgawa da dukkan jikinsa, kuma wannan karkataccen hannu shi zai bi shi har girma, koci ya zo yana gyara abin da ya riga ya ƙafe. Maganin wannan ba tsada gare shi ba: ƙaramar ƙwallo, da kwando mai tsayin mita 2.60 kamar yadda aka tsara wa yara, da raga ko ta igiya ce, domin ido ya sami abin saitawa.

Sai kuma abin da ba za a iya tsallakewa ba. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai fiye da 300, waɗanda Allah ya kuɓutar bayan kwana shida, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta ba da umarnin rufe makarantun kwana. Ba ina kwatanta asarar wasa da abin da iyaye suka gani ba ne, Allah ya kiyaye. Ina faɗa ne kawai cewa makarantar kwana ita ce wurin da yaron ƙauye yake da la'asar tasa ta kansa, da malamin wasanni, da abokai tara da za a yi wasa da su, kuma yaran da suke 'yan shekara goma sha uku a wancan lokaci su ne yau suka kai shekarun da ƙungiyoyi ke ɗauka. A Faskari da Sabuwa, inda ƙauyuka da yawa suka tashi, mutane suka kwarara cikin gari ko suka nufi Funtuwa, wanda ke neman inda zai kwana lafiya ba ya tambayar fili. A sama kuma, rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, wanda ya faro daga zaɓuɓɓuka biyu da aka yi a Kano da Abuja a Yunin 2017, ya daƙile gasar gida shekaru, har ya kai ga gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya a Mayun 2022, ko da yake ta warware hukuncin bayan makonni, bayan 'yan matanmu na D'Tigress sun riga sun rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya. A wannan tsakani, tun da aka fara gasar BAL ta Afirka a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ta Fatakwal da Kwara Falcons ta Ilori aka gani suna ɗauke da tutar Nijeriya.

Duk da haka hanya a buɗe take, kuma ba doguwa ba ce. Daga Sabuwa ta Ɗandume ake shiga Funtuwa, daga Faskari da Ƙanƙara ma can ake haɗuwa, daga Funtuwa kuwa Zariya ba nisa; kuma a Zariyan nan ne wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru yana koyar da yara, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019, ya kuma kafa Giants of Africa tun 2003 domin yaran nahiyar. Mutum ɗaya mai naci da fili ɗaya mai kyau suka yi wannan aiki. Abin da nake ba da shawara shi ne, tun da tsaro bai ba da damar warwatsa ƙarfi ba, a tara shi a Funtuwa: fili ɗaya mai rufi wanda iska ba ta shiga, da kwanduna a jikin bango ban da biyun wasa, inda za a riƙa kawo yaran ƙananan hukumomin nan uku lokacin hutu, a kuma shirya makarantunsu shiga gasar Milo ta sakandare. A cikin garuruwan kuwa, kowane malamin wasanni a ba shi littafi, ya riƙa rubuta wa kowane yaro jifan kyauta nawa ya yi a mako, nawa suka shiga, haka daga kusurwa, haka daga tsakiya. Ranar da kocin wata ƙungiya ya zo gwaji daga Kano ko Katsina, kafin ya ɗauko ma'aunin tsawo, sai a miƙa masa littafin, ya kira yaran da sunayensu suka fi fitowa a ciki, ya sa su gudu har numfashi ya ɗauke, sa'an nan ya tsayar da su a kusurwa ya ba su ƙwallo.